Mai Tulun da Na Kankare

Ban taɓa zaton zan yi gudu a gaban mutane da wannan tsufan nawa ba, amma na yi, a tsakiyar wani otal a Bukit Bintang, sanda a hannu, takalmina na santsi a kan daɓen da mutum ke ganin fuskarsa a ciki. 'Yata Rifkatu ce ta kai ni. Ita ke shugabantar masu shara da goge-goge a otal ɗin, kuma tun da na zo Kuala Lumpur a duba mini ido take cewa sai na ga wurin aikinta kafin in koma gida. Muka taso daga Sri Petaling a jirgin ƙasa, muka sauya zuwa ɗan jirgin nan da ke tafiya a kan dogo guda a saman motoci, ni kuwa na riƙe ƙarfe gam ina addu'a a zuci. Da muka shiga zauren otal ɗin sanyi ya buge ni, na shiga kalle-kalle irin na baƙauye, har idona ya faɗa kan wani teburi kusa da matakala. Mutum-mutumin mace ne na tagulla, tsayinsa bai wuce kamu biyu ba, tulu a kafaɗarta, ta ɗan karkata tana zuba ruwa. Na san wannan kafaɗar. Na san yadda wuyan nan ya lanƙwasa. Kafin in ankara ƙafafuna sun ɗauke ni.

"Baba, ina za ka? A hankali lah, za ka faɗi!" in ji Rifkatu tana biye da ni, har da "lah" ɗin nan da mutanen garin ke liƙa wa magana.

Abin da nake son in fara dubawa shi ne ƙaramin yatsan hannun hagu na matar, amma idon nan nawa ba ya ganin kusa sai da tabarau. Ina laluben aljihu sai Rifkatu ta iso tana dariya.

"Au, wannan ce ta sa ka gudu? Tsohon kaya ne na Faransa, mai otal ya sayo a gwanjo. Ta yi duhu da yawa, ba ta dace da wurin ba. Jibi akwai babban biki a nan, na riga na sa a kawo man goge ƙarfe. Gobe da safe za mu sa ta ta yi ƙyalli."

Na kama wuyan hannunta, mace mai 'ya'ya uku, kamar yadda nake kama ta tana ƙarama in za mu tsallaka titi. Na ce, "In man nan ya taɓa matar nan, ni da ke ne." Ta dube ni kamar zafin garin ya taɓa mini kai. Na ja ta zuwa wata kujera mai laushi, na zaunar da ita, na ba ta labarin da ban taɓa ba ko uwarta ba.

A kan dutse na tashi, a wani gari da ke gefen ramukan kuza. Mahaifina maƙerin fari ne, wato ba ya ƙera fartanya ko gatari, aikinsa narka tagulla ya zuba. Abin da ke tashe mu da safe jiniyar kamfanin kuza ce, sai kuma surutun mata masu tafiya rami da kwanon sarki a ka, sannan zuga-zugin Baba ya fara numfashi, fuu, fuu, kamar saniya na barci. Yaran yanzu ba su san cewa gari na da murya ba. Ni ko ido a rufe na san ranar Talata da ƙarar amalanke, na san Baba na cikin fushi da yadda yake ajiye guduma. Aikina tun ina ɗan mitsitsi shi ne tuka yumɓu da kashin jaki, tankaɗe gawayi, da yawo gidajen Turawa ina tambayar kuku ko akwai karyayyen kan famfo ko tsohon makulli da za mu narka. Baba kan siffanta munduwa ko ƙararrawa da kakin zuma, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya bar ɗan rami. In ta bushe sai ya gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. A cikin gurbin nan ake zuba narkakkiyar tagulla. In ta huce a fasa yumɓun, abin ya fito baƙi ƙirin, daga nan kuma sai ya zo hannuna.

Gugar tagulla ita ce sarautata. Jiƙaƙƙiyar tsamiya, toka, lemun tsami, yashi mai laushi daga bakin rafi, da tsohon zanen Inna. Da waɗannan nake mayar da baƙar munduwa ta koma tana kashe ido. Dokar Baba ɗaya ce, kuma na ji ta fiye da sau dubu: "Kada kaya ya fita daga maƙerar nan bai yi ƙyalli ba." Ko gyara aka kawo, ko tsohuwar tasa ce ta huje, sai an goge ta tas kafin a mayar wa mai ita. Haka muka san mutunci. Matar da tasoshinta suka dushe, ana yi da ita a bakin rijiya. Ni kuwa na ƙware har matan gari kan ce wa Baba, "A ba ɗan nan naka ya goge." Kaina ya yi girma, ba na musu. Amma a gidanmu guga ba ta mayar da mutum maƙeri. Sai ranar da ubanka ya miƙa maka awartaki ya ce ka ɗaga kaskon narki ka zuba da hannunka, ranar ka zama mutum, in ba haka ba ko gemunka ya kai ƙirji ɗan aike ne kai. A shekarar da nake ba da labari gashin baki ya fara fito mini, kuma Baba ya yi mini alkawari: in an gama girbi zan yi zubina na fari. Na riga na siffanta wa Inna munduwa da kaki, na lulluɓe ta, Baba ya maƙale ta a jinkar rufin maƙera tana bushewa. Kullum sai na ɗaga kai na dube ta.

Wata ranar kasuwa mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, abin da bai taɓa faruwa ba. Bafaranshen da ke riƙe da babban kanti a garin ne, dogo mai jan hanci, wanda ya zauna a Damagaram kafin ya zo wurinmu, don haka Hausarsa irin tasu ce. Ya shigo rungume da wani abu a cikin bargo kamar jariri. Da ya buɗe, sai ga mai tulun nan. Ƙaramin yatsanta na hagu ya karye a hanya ya ɓace, kuma an ce masa duk ƙasar ba mai iya zuba wani sai Baba.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya goge hannunsa a riga har sau biyu kafin ya taɓa ta. Ya ƙwanƙwasa ta da farce, ta yi amo mai tsawo, ya kai kunne yana murmushi. Ya kifa ta, ya ga cikinta rami ne, kaurin jikinta bai fi na ƙwarya ba. Ya bi ta da yatsa daga ka har ƙafa yana neman inda aka haɗa, bai samu ba. Sai ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce, "Wanda ya zuba wannan, in yana raye a gaishe shi." A gindinta akwai suna da aka rubuta da rubutun tafi-da-gidanka, kusa da shi kuma wani ɗan hatimi zagayayye. Ni dai bakina a buɗe yake. Kitso siri-siri, kowane da hanyarsa. Zane ya naɗe a ƙugu kamar iska na kaɗa shi. Har ruwan da ke zuba daga tulun tagulla ne, amma in ka daɗe kana kallo sai ka ji ƙishirwa.

Inna ta leƙo daga madafi, ta dubi matar sama da ƙasa, ta taɓe baki. "Wannan ba ta taɓa zuwa rafi ba," in ji ta. "Tulu a kafaɗa, ba gammo? Ɗan kunne na Fulani, zane na Larabawa, ƙafa ba kaushi. 'Yar wane gari ce?"

Bafaranshen ya yi dariya har jan hancinsa ya ƙara ja. Ya ce ba 'yar ko'ina ba ce, Kogi ce. A ƙasarsu, in ji shi, sukan yi mace da tagulla su ce ita ce Damina, ko Gaskiya, ko ma wata ƙasa dungurungum, kuma mai siffanta wannan bai taɓa taka ƙasar baƙar fata ba, hotuna ya gani da labarin matafiya.

"Kogi da ɗan kunne," in ji Inna, ta koma ga tuwonta.

Kafin yamma unguwa ta cika gidanmu. Wasu suka ce gunki ne, a fitar da shi. Fastonmu ya zo da kansa ya duba ko akwai abin hani, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda binciken ke bukata, sannan ya ce aikin hannu ne kawai. Bafaranshen ya ba mu mako guda. Da zai tafi ya ɗaga yatsa ya ce, "Yatsa kaɗai, maƙeri." Na ji maganar da kunnena, amma ban ɗauke ta a bakin komai ba.

Washegari Baba ya siffanta yatsan da kaki, har da farce da 'yar lanƙwasar gaɓa, ya zuba, ya dasa shi da 'yar ƙusa, ya bi mahaɗin da zarto har ya ɓace. Sai dai sabon yatsan rawaya ne fes a kan hannu mai duhu. Baba ya zauna yana kallonsa yana shafa haɓa. Yanzu na san tunanin da yake yi: yadda zai sa yatsan ya yi duhu ya bi jiki. A lokacin ni akasin haka na gani. Na ga yatsa guda mai tsabta, da jiki guda mai dauɗar shekaru. Na ce a raina, Turawan nan da duk iliminsu ba su san tsamiya ba. Da safiyar rana ta uku Baba ya tafi ƙauye sayen gawayi. Yana karya kwana na jiƙa tsamiya.

Wallahi ban taɓa aiki da farin ciki irin na ranar nan ba. Duhun ya yi taurin kai, tsamiya ta kasa, na ƙara lemun tsami da toka, na kawo yashi. Da kumatunta na dama ya fara fitowa rawaya sai na yi ihu ni kaɗai. Ina gugar ina waƙa. Na bi kitson da tsinken tsintsiya ɗaya bayan ɗaya, na shiga lungunan zanen inda wani kore-kore ya maƙale, na fitar da shi tas. Hannuna ya yi kanta, tsami ya ci farcena, ban ji ba. Ina ta ƙiyasta fuskar Baba, ina cewa yau ba sai an jira girbi ba, gobe ma zai miƙa mini awartaki. Da la'asar na ɗauke ta na ajiye a ƙofar maƙera inda rana ke bugawa, tana walƙiya har kaji na gudu, na zauna a gefenta ina jira.

Baba ya shigo da buhun gawayi a ka. Ya tsaya. Ya sauke buhun a hankali kamar mai gudun kada ya tashi wani daga barci.

"Wa ya sa ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Ai kai ka ce kada kaya ya fita bai yi ƙyalli ba."

"Ka tambaye ni?"

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya durƙusa a gabanta ya ce datti ba ya zama da tsari. Datti ba ya yin ja a kumatu, ya yi duhu a wuya, ya yi kore a lungun zane. Wani ne ya sa launin nan da hannunsa, da gangan, ya san abin da yake yi. "Aikin wani ka share," in ji shi. Ban ci tuwo ba ranar.

Saura kwana huɗu mai ita ya dawo, kuma sunan Baba ne ke cikin haɗari, sunan da ya shekara talatin yana ginawa. Muka rataye ta a hayaƙi, ta yi baƙi, muka sa tsumma baƙin ya biyo tsumman. Muka binne ta a turken jaki kwana guda, ta fito da dabbare-dabbare kamar mai ƙyasfi. Muka shafa man gyaɗa muka kara a wuta, ta yi danƙo ƙudaje suka bi ta. Kowane gwaji sai na sake goge ta, ni da tsamiyar da na fara tsana. Inna ce ta cece mu, tana tsaye da ludayi a hannu. Ta ce duk sanda ta shafa mana farar wuta da man kaɗe saboda ƙazuwa, munduwarta kan yi baƙi har sai ta kawo mini guga. Baba ya dube ta kamar ranar ya fara ganinta. Na ruga kasuwa da gudu. Muka dafa farar wuta da ruwan toka a tsohuwar tukunya, wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, maƙwabta suka fito suna toshe hanci suna tambaya me ya mutu. Baba ya ɗumama matar a kan garwashi, ya tsoma gashin kaza a ruwan ya ja a kafaɗarta. Kai! A gaban idona launin ya gudu a jikinta, ja, sannan shuɗi-shuɗi, sannan baƙi. Na yi tsalle har na buga kai a jinka. Inna ta rangaɗa guɗa. Ko Baba sai da ya yi dariya, ya ce, "Kawo gashin, kai ma ja." Muka rufe ta daga ka har ƙafa, muka shafe ta da kakin zuma.

Amma da ta huce muka fitar da ita rana, murnar ta ragu. Ta yi baƙi, gaskiya ne, sai dai baƙi ɗaya ne ko'ina kamar gindin tukunya. Wancan launin na da, mai zurfi, wanda kamar akwai jini a ƙarƙashinsa, bai dawo ba. Na roƙi Baba kada ya faɗa, na ce Bature ba zai gane ba. Ya ce ko bai gane ba shi ya gane.

Bafaranshen ya zo ranar da ya ce. Ya fara duba yatsan, ya juya hannun, ya nemi mahaɗi bai samu ba, ya yi ta jinjina kai. Sannan ya fita da ita haske. Na ga fuskarsa ta sauya. Ina bayan ƙofa ina jiran Baba ya nuna ni. Sai na ji ya ce, "A maƙerata aka yi. Ni na yi."

Mutumin bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmin Inna da matar a cinyarsa, ya yi magana a hankali. Ya ce hannu huɗu suka yi ta. Na farko ya siffanta ta da yumɓu, shi ne mai sunan da ke gindinta, shi ake kira liyafa. Na biyu ya zuba, shi ne mai hatimi. Na uku ya bi ta da ƙananan kurfi, ƙarafan sassaƙa, ya fitar da kitso da farce. Na huɗu shi ne mai launi, kuma shi ba a rubuta sunansa a ko'ina. Tsofaffi ne masu baƙaƙen yatsu da tari, suna tsaye a gaban wuta da buroshi, suna sa launi bisa launi, kwana da kwanaki, kuma ko matansu ba sa gaya wa abin da suke haɗawa. In ɗayansu ya mutu, launinsa ya mutu. Ya ce matar nan a bakin tagar uwarsa ta tsaya duk ƙuruciyarsa, kuma ita kaɗai ya ɗauko daga gidan. Ya naɗe ta a bargo, ya yi wa Baba godiyar yatsa, ya tafi. Bai sake dawowa ba, kukun Turawa ma suka daina kawo mana gyara. A kasuwa aka shiga zolaya, mutum ya miƙo baƙar akuya ya ce wa Baba a goge masa. Baba kan yi murmushi ya wuce.

Bai sake ta da maganar ba, ko sau ɗaya. Da aka gama girbi, wata yamma ya hau turmi ya sauko da yumɓun munduwar da na yi wa Inna, ya busa ƙurar, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya ce, "Gobe da safe." Alkawarinsa ya cika, bai rage komai ba. Ni ne na kasa. Na ga ba zan iya karɓar awartaki daga hannun mutumin da na ɓata wa suna ba, ya kuma ɗauki laifin a kansa. Gari na wayewa na hau motar kaya zuwa Kaduna. Na sami aikin jirgin ƙasa, na yi aure, na haifi su Rifkatu. Ina zuwa gida duk Kirsimeti, mu zauna ni da Baba mu yi hirar ruwan sama da farashin hatsi, ni in ƙi ɗaga kai sama, don na san yumɓun yana nan a jinka. Inna ta ce yana nan har ranar da aka binne shi. Yau inda maƙerar take shago ne na cajin waya, kuma matan garin roba suke saya da kwanon da ba ya dushewa, ba mai jiƙa tsamiya sai don kunu. Wani abin mamaki, Rifkatu ta gaya mini wannan birnin ma kuza ce ta kafa shi, tafkunan da nake gani ta tagar jirgi tsofaffin ramuka ne irin namu. Tagulla kuwa ba ta yin amo sai da kuza a cikinta. Na ce ashe duk nisan tafiyar nan gida na zo.

Da na kai nan a labarin, Rifkatu ta rufe baki da hannu. Na samo tabarau na sa, muka tashi tare zuwa teburin. Na sunkuya a kan hannun hagu. Ni na riƙe wa Baba fitila da ya dasa ƙusar nan, na san daidai inda ɗan tabonta yake a cikin tafin hannu. Babu shi. Yatsan lafiyayye ne tun daga zubi. Ba tamu ba ce, 'yar'uwarta ce, don irin waɗannan sukan zuba da yawa daga siffa guda, su watsu a duniya. Na ɗan ji babu daɗi, na ɗan lokaci kaɗan. Sai na ɗaga ido na ga abin da ke gabana. Launin ne. Ja-ja a kumatu kamar dabino, duhu a wuya, kore a lungun zane, daidai inda na bi da tsinken tsintsiya. Fiye da shekara hamsin ina ƙoƙarin tuna shi a kaina ina kasawa, ga shi nan ba abin da ya taɓa shi. Na yi ta nuna wa Rifkatu ina cewa duba nan, duba nan, muryata ta hau sama har baƙin otal suka juyo. Ban damu ba. Na cire hulata.

Rifkatu ta ciro waya ta kira wata daga cikin ma'aikatanta, ta yi magana da yaren garin da sauri, abin da na kama kawai shi ne "tak boleh", wato ba za a yi ba, har sau uku. Ta kashe wayar ta sauke numfashi. "Baba, da na yi wannan, da aikina ya tafi, takardar zamana ma ta bi shi." Ta kalli matar, sannan ta juyo. "To da me ake share ta? Gaya mini, ban sani ba."

Ta tambaya. Abin da ya fi ƙarfina ina saurayi, ita ta yi shi a tsaye ba wahala. Na ce tsumma mai laushi, busasshe, da buroshi irin na gashin jariri don kitson, sai kakin zuma ɗan kaɗan, a shafa a bari ya sha iska, a bi shi a hankali. Ba tsami, ba toka, ba sauri. Ta je ta yi magana da manajan, wani dattijo mai fara'a, ya zo ya gaishe ni hannu a ƙirji, ya ce boleh, wato ya yarda. Rifkatu ta dawo ta gyara mini wuyan riga.

"Kai za ka yi, Baba," ta ce. "Gobe da safe."

Washegari, tun kafin ta gama shiri na sa takalmi ina zaune a bakin ƙofa da sandata. Muka hau ɗan jirgin nan na sama, ban ma tuna in riƙe ƙarfe ba. Wannan goben na je.